Gargaɗi Ga Ciyamomi Da Iyalai: Sarƙar Gidan Mari Ta Koma Cikin Gidaje

Wannan gargaɗi ne ga shugabannin ƙananan hukumomi da kansilolinsu, da hukumomin kula da lafiya a matakin farko na jihohinmu, da hakimai da dagatai da masu unguwanni, da limamai, da kowane gida da Allah ya jarraba da mai taɓin hankali. A yanzu haka akwai bayin Allah da ke ɗaure a ɗakunan baya da garejin mota da gindin rumbu, wani da sarƙa, wani da igiyar shanu, wani an sa ƙafarsa a turu. Babu ma'aikacin hukuma da ke da sunayensu a rubuce. Babu wanda ake biya albashi don ya yi sallama a gidan ya ga yadda suka kwana. Muddin aka sake rubuta kasafin kuɗi ba a ware albashin irin wannan ma'aikaci ba, wasu cikinsu gawarsu za a kwance daga sarƙar, kuma alhakin ba a kan iyalansu kaɗai zai sauka ba.

Ranar 26 ga Satumba 2019 'yan sanda suka fasa wani gidan mari a Rigasa, cikin Kaduna, suka fito da mutane fiye da 300, manya da yara, da yawansu da mari a ƙafa, bayansu duk tabon bulala. Cikin Oktoba aka fasa wasu a Daura da Katsina da Zariya, gwamnatin Kano kuma ta ba da umarnin rufe irin waɗannan gidaje. Kowa ya yi tir, kuma abin tir ne. Amma ina aka kai mutanen? Bayan 'yan kwanaki a hannun hukuma, akasarinsu iyalansu aka miƙa wa. Gaskiya ne ba dukansu ne masu taɓin hankali ba. Akwai 'yan ƙwaya, akwai waɗanda aka kai da sunan sun kangare. Sai dai akwai uban da ya kai ɗansa saboda yaron ya daina barci, yana amsa muryoyin da babu mai jin su sai shi, har ya zari wuƙa ya bi mahaifiyarsa. Shi ma miƙa masa yaron aka yi, aka ce Allah ya kiyaye hanya. Ba a kafa wani tsari na bin su gida ba. An kashe maciji ba a sare kansa ba.

A watan Agustan 2020 aka fito da wani matashi daga garejin gidansu a Kano bayan ya shekara bakwai a kulle, sai fata da ƙashi. Kwanaki kaɗan bayan haka aka kwance wani dattijo a Rogo wanda aka ce ya shekara 30 a ɗaure. Waɗannan tun kafin a fasa gidan Rigasa suke a kulle, kuma abin da suka nuna shi ne gida ma yakan zama gidan mari, har ya fi wancan haɗari, domin babu mai fasa shi sai an yi sa'ar maƙwabci mai tsoron Allah. Shekara 30 mutum yana ɗaure a ƙasar da kowace ƙaramar hukuma ke da sashen lafiya da sashen walwalar jama'a, ba a samu wanda aikinsa ne ya sani ba.

Kada mu yi saurin zagin iyalan nan. Duk wanda ya zauna a unguwa ya san yadda abin yake tafiya. Ga mace mijinta ya rasu, ɗanta saurayi ya birkice. An yi tofi, an sha rubutu, an yi hayaƙi, abin sai gaba yake yi. Maƙwabta suka taru aka ɗauki shatar mota, ƙarti huɗu suka danne shi har asibiti. Aka yi masa allura, aka kwantar da shi 'yan makonni, ya dawo gida a natse, yana gaishe da mutane, har ya koma zuwa masallaci. Likita ya ce a dawo da shi bayan wata guda. Watan farko aka koma. Wata na biyu sai da ta sayar da akuya. Wata na uku kuɗin mota ya gagara, shi kuma ya ce ai ya warke, maganin ma kasala yake sa shi. Ta ji daɗin jin haka, wace uwa ce ba za ta ji ba? Bayan 'yan makonni barci ya ƙaurace masa. Ya fara kwana yana zagaya tsakar gida, ya fasa randa, ya kori yaran maƙwabta da dutse. Aka kai ƙara wurin mai unguwa, mai unguwa ya ce, "Hajiya, sai ki san yadda za ki yi da shi kafin ya yi wa wani illa." Asibitin sha-ka-tafi na mazaɓar yana nan kusa, amma babu maganin a ciki, babu kuma wanda aka koya wa yadda ake ba da shi. Washegari ta tafi wurin maƙeri tana kuka. Tsakanin wata na biyu da na uku aka rasa yaron nan, kuma abin da aka rasa a wannan tsakanin ma'aikaci ɗaya ne mai babur da jakar magani.

Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya ba su kai 300 ba, ga mutane fiye da miliyan 200, kuma mafi yawansu suna manyan birane. Shekaru masu yawa asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya takwas ne kacal, uku a Arewa: Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato, da Maiduguri. Sai Dawanau a Kano, da Kazaure a Jigawa, da sassan da ke cikin asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano da na Zariya da na Jos. A auna wannan da ƙananan hukumomi 44 na Kano, 34 na Katsina, 27 na Jigawa, 14 na Zamfara. Mutumin Doguwa ko Sabuwa ko Birniwa wuni guda zai yi a hanya don allurar da ba ta wuce minti biyar ba, kuma tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023 kuɗin mota ya ninka ya sake ninkawa. Likitocin da ake da su ma tafiya suke yi. A 2024 ministan lafiya Farfesa Muhammad Ali Pate ya ce likitoci kusan 16,000 sun bar ƙasar cikin shekara biyar, hukumar da ke rajistar ma'aikatan jinya da ungozomomi kuma ta ce 42,000 daga cikin nata sun fita cikin shekara uku. Da yawansu suna Ingila da Amurka da Saudiyya suna jinyar tsofaffi da masu taɓin hankalin can. Ba na ganin laifinsu. Wanda duk yake jiran ranar da za a samu likitan ƙwaƙwalwa a kowace ƙaramar hukuma kafin a fara aiki, to ya sani jikokinsa ma ba za su ga ranar ba.

Masu buƙata kuwa ƙaruwa suke yi. Binciken da Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi da hukumar ƙididdiga ta ƙasa a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 sun yi ta'ammali da miyagun ƙwayoyi cikin shekara guda. A shekarar ne aka haramta maganin tari mai kodin, amma tiramol da wiwi da sholisho ba su je ko'ina ba. Ga matan da aka karɓo daga hannun 'yan bindiga a Zamfara da Katsina da Sakkwato, ana yi musu barka da arziki a watse, babu mai tambayar me ya sa ta daina magana, me ya sa ƙarar babur ke sa ta karkarwa. Ga mutanen Borno da suka sha yaƙi shekara da shekaru, ambaliyar Alau ta Satumban 2024 ta zo ta ƙara musu. Ƙungiyoyin agaji ne suka riƙe wani ɓangare na wannan aiki a can, su ma tun da Amurka ta dakatar da tallafinta a Janairun 2025 da yawansu sun rage ma'aikata.

Doka kam akwai. Tun 1991 manufar gwamnatin tarayya ta ce a sa kula da lafiyar ƙwaƙwalwa cikin ayyukan asibitocin matakin farko. A Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, mai asali daga dokar Turawa ta 1916. Sabuwar ta ba majinyaci haƙƙoƙi, ta tanadi asusu na musamman, ta hana ɗaure mutum da sarƙa. Jadawali na huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 ya sa hannun ƙaramar hukuma cikin samar da ayyukan lafiya, ya kuma ɗora mata kafa gidajen gajiyayyu da marasa galihu. Ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye. Na san aiwatar da hukuncin ya yi ta jan ƙafa. Na san kuma abin da ciyaman zai ce: ai ma'aikatan lafiya sun koma ƙarƙashin hukumar jiha, ba ni ke ɗauka ba, ba ni ke canza musu wurin aiki ba. Ranka ya daɗe, daga kason ƙaramar hukumarka ake cire albashin da yawansu, kuma a mazaɓunka mutanen nan suke ɗaure. Idan hukumar jiha ta ce hurumin ciyaman ne, ciyaman ya ce hurumin jiha ne, sai a gaya mana wurin wa matar can za ta je.

Akwai ƙasar da ta riga mu ganin ƙarshen wannan hanya. A 2015 gwamnatin lardin Gauteng a Afirka ta Kudu ta soke kwangilar kamfanin Life Esidimeni da ke jinyar masu taɓin hankali, da sunan rage kashe kuɗi da mayar da majinyata cikin al'umma. A 2016 aka kwashe kimanin mutum 1,700 aka rarraba su gidajen ƙungiyoyin da ba su da ingantaccen lasisi, ba su da ƙwararrun ma'aikata, wasu ko isasshen abinci babu. An kai wasu babu takardun asibitinsu, babu magani. Mutum 144 suka mutu, da yunwa da ƙishirwa da sanyi da cututtukan da ake iya warkarwa. Kwamishinar lafiyar lardin, Qedani Mahlangu, ta ajiye aiki a farkon 2017, tsohon mataimakin alƙalin alƙalai Dikgang Moseneke kuma ya yanke a 2018 a biya kowane iyali diyyar rand miliyan 1.2. Su nasu matattun an ƙirga su saboda suna cikin rajista. Namu suna warwatse gida-gida, in sun mutu a ce wa'adi ne, a yi jana'iza bayan Azahar.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne maganin abin ba baƙo ba ne a wurinmu. A 1954 Dakta Thomas Adeoye Lambo, wanda daga baya ya zama mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya, ya fara sauke majinyata a gidajen mutanen ƙauyukan da ke kewaye da Aro a Abeokuta, kowa da ɗan'uwansa mai jinya, ma'aikata suna zagayawa, masu maganin gargajiya suna cikin aikin. Duniya ta zo ta koya a wurinsa. A Binuwai, daga 2011, gwamnatin jiha da cocin Methodist da ƙungiyar CBM sun horar da ma'aikatan jinya da malaman asibiti na karkara suna duba masu taɓin hankali da farfaɗiya a asibitocin ƙananan hukumomi. Littafin da suka yi aiki da shi, mai suna mhGAP, Hukumar Lafiya ta Duniya ce ta fitar da shi a 2010 domin ma'aikacin da ba likitan ƙwaƙwalwa ba, kuma horon farko na kwanaki ne, ba shekaru ba. A 2020 Farfesa Oye Gureje da abokan aikinsa suka wallafa sakamakon gwajin da suka yi a Ibadan da Kumasi, inda malaman asibiti suka riƙa shiga wuraren masu maganin gargajiya da masu addu'a suna ba da magani tare da su. Bayan wata shida, majinyatan da aka yi wa haɗin gwiwar sun fi sauran samun sauƙi.

To me wannan ma'aikaci mai babur da jakar magani yake yi, da har nake cewa rai ya rataya a kansa? Yana da littafi mai sunan kowane majinyaci a mazaɓarsa da ranar allurarsa. Allura irin Modecate sau ɗaya ake yin ta cikin 'yan makonni, ta wadatar da wanda ba ya yarda ya haɗiyi ƙwaya kullum. Ranar ta zo mutum bai zo ba, ba ya jira. Kafin kwana uku ya hau babur ya je. Ya zauna a zaure ko a tabarmar tsakar gida, ya tambayi uwa, "Inna, yaya barcinsa? Yana cin abinci? Ya fara magana shi kaɗai?" Ya kama hannun majinyacin ya lanƙwasa gwiwar ya ji ko ta sandare, ya duba ko yawu na dalala, domin ya san maganin Largactil da danginsa suna jawo haka, kuma wannan wahalar ce take sa mutane da yawa su watsar da magani. Ya rage ko ya canza bisa shawarar babbansa a waya. Ya san maganin Exol yana gyara sandarewar, ya kuma san matasa na shan sa don maye, saboda haka ƙirga shi yake yi ya damƙa a hannun uwa. Ya bi ta shagon telan da yaron ke koyon ɗinki a da ya roƙi maigidan ya mayar da shi. Ya tsaya wurin mai unguwa ya ce a tsawata wa yaran da ke binsa suna jifa. In ya tarar da sarƙa, ba 'yan sanda yake fara kira ba. Yakan fara magani, ya dawo jibi, ya dawo mako mai zuwa, har ranar da iyalin za su yarda a kwance da rana, daga nan a kwance gaba ɗaya. Wannan aiki ba ya yiwuwa daga Abuja, ba ya yiwuwa daga babban birnin jiha. Sai wanda ya san lungun, aka san gidan ubansa.

Saboda haka abin da ake nema a kasafin kuɗin kowace ƙaramar hukuma ba gini ba ne. Ina jaddada wannan domin na san gini ne yake da farin jini, shi ake yanke wa ƙyalle a ɗauki hoto. A nemi ma'aikatan jinya biyu masu horon ƙwaƙwalwa, ɗaya ta zama mace, domin akwai ɗakunan da namiji ba zai shiga ba kuma a cikinsu ne ciwon ya fi ɓuya. A kowace mazaɓa a horar da malamin asibiti ɗaya cikin waɗanda ke nan. Kano tana da mazaɓu 484, kuma manufar asusun lafiya da dokar 2014 ta kafa da kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya ita ce kowace mazaɓa ta samu asibiti mai aiki. A ba su babur da kuɗin mai. A zuba magungunan nan cikin asusun magani mai juyawa, a yafe wa wanda ba shi da hali, tunda tsofaffin magunguna ne da ba sa cikin masu tsada. A ɗaure yarjejeniya da asibitin ƙwaƙwalwa mafi kusa, ƙwararre ya riƙa zuwa duba aikinsu wata-wata, domin horon da babu mai bibiya ba ya wuce 'yan watanni ya zube. Jami'in walwalar jama'a kuma a fito da shi daga rabon kayan tallafi, a sa shi cikin tawagar.

Abu biyu ne suke kashe irin wannan shiri, kuma dukansu a hannun shugabanni suke. Na farko dogaro da 'yan sa-kai. Asibitocin karkara da yawa matasan da suka gama makarantar koyon aikin lafiya ne ke riƙe da su, shekara da shekaru babu takardar ɗauka aiki, sai ɗan ihsani in an ga dama. Ba a ɗora wa wanda ba a biya nauyin shiga ɗakin mutumin da ya birkice. A ɗauke su aiki. Na biyu canjin wurin aiki na siyasa. A kashe kuɗi a horar da mutum, majinyata su saba da shi, iyalai su fara buɗe masa ƙofa, sai wata takarda ta fito a jefa shi wani gari saboda an ce ba ɗan jam'iyya ba ne. Ranar da ya tafi littafin ya mutu, kuma bayan wata biyu maƙera za su fara samun ciniki.

Kafin hukuma ta motsa, ga abin da iyalai ba za su jira kowa a kansa ba. Wanda aka ɗora a kan magani kada ya daina don ya ji sauƙi. Sauƙin daga maganin yake, kuma akasarin waɗanda suka yanke ciwon yakan dawo musu, sau da yawa fiye da na farko. Idan azumi ne damuwar, a tambayi ma'aikaci ya mayar da shan maganin dare, Shari'a ma ta yi wa marar lafiya rangwame. Idan bayan fara magani wuya ya murɗe, harshe ya fito, idanu suka kafe sama, ba aljanu ne suka tashi ba, illar maganin ce kuma allura ɗaya takan kwance ta cikin ɗan lokaci. Amma in jiki ya sandare ga zazzaɓi mai zafi ga gumi, a garzaya asibiti a daren. Haka wanda lafiyarsa ƙalau jiya, yau ya rikice da zazzaɓi ko ciwon kai: sanƙarau da zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa da ciwon sukari duk suna zuwa da kamar hauka, kuma kwana ɗaya a wurin ruƙiyya ya isa ya kashe shi. Mai farfaɗiya kuma yawunsa ba ya yaɗa ciwo, a kama shi a kwantar da shi a gefensa, kada a tura masa cokali a baki, a nisanta shi da murhu da rijiya, in faɗuwar ta wuce minti biyar a nemi asibiti.

Ku kula da mai jego. Cikin kowace haihuwa dubu ana samun mace ɗaya ko biyu da hankalinta ke juyewa, galibi cikin mako biyun farko, daidai lokacin da gida ya cika da 'yan barka ana ta wankan jego da kunun kanwa. Idan ta kwana biyu ba ta runtsa ba, tana surutai, ta ce jaririn ba nata ba ne ko an canza mata shi, kada a bar ta ita kaɗai da shi ko na minti ɗaya, kuma a kai ta asibiti ran nan. Ciwo ne da yake warkewa sarai in an yi sauri. Maigida, ba saki ne maganinsa ba, ba kuma laifin kishiya ba ne.

Wanda ya ce ya gaji da duniya, ya fara rarraba kayansa yana neman gafarar mutane babu dalili, a ɗauki maganarsa da gaske. A tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin halaka kansa. Tambayar ba ta sa mutum ya aikata. A kwashe fiya-fiya da maganin ɓera da maganin feshin gona daga gidan, a sa mai kwana da shi. Sashe na 231 na kundin Final Kod ya sa ɗaurin da zai kai shekara guda ga wanda ya yi yunƙurin, kuma tsoron wannan ne ke sa iyalai ɓoyewa har a rasa mutum. Gana ta soke irin wannan hukunci a 2023, ya kamata majalisun jihohinmu su bi sahu. Kafin nan, tsoron hukuma kada ya hana ku kai shi asibiti.

Allah ya gafarta malam, wurinku ake fara zuwa, kuma ba na neman a daina. Addu'a da magani ba sa faɗa. Musulmi sun ware wa masu taɓin hankali sashe a asibitin Sarki Ƙalawun na Alƙahira tun 1284, Shari'a kuma ta ɗauke wa wanda hankalinsa ya gushe hisabi, balle a ce mu ne za mu hukunta shi da bulala. Dukan da ake yi da sunan aljani ake duka, a jikin ɗan mutane yake sauka. Ku yi addu'arku, ku ce a ci gaba da shan magani, wanda kuka ga ya kwana uku bai yi barci ba ku tura shi asibiti da bakinku. Maganarku ɗaya a kan mumbari ta fi sanarwar rediyo goma. Ku faɗa wa jama'a cewa akasarin masu taɓin hankali ba sa cutar da kowa, su ake cuta. Kowa ya taɓa ganin baiwar Allah tana yawo a tasha da ciki, kuma kowa ya san ba aljani ne ya yi mata shi ba.

Masu unguwanni da dagatai, ku kun san gidajen. Cikin makon nan kowa ya rubuta adadin waɗanda ke ɗaure ko kulle a unguwarsa, cikin sirri da mutunta iyalan, ya miƙa wa shugaban asibitin mazaɓa da hakimi, ya riƙe kwafi. Hakimi ya tara ya kai wa ciyaman da hannunsa, a rubuce, da kwanan wata. Kansila ya tashi a zaman majalisar ƙaramar hukuma ya tambayi mutum nawa ne a cikin ma'aikatan lafiyarsu ke da horon ƙwaƙwalwa, a wane asibiti maganin yake, nawa aka ware masa a kasafin da ake shiryawa, ya kuma nemi a sa amsar cikin rubutaccen bayanin zaman. Duk wanda ya san wani da ke ɗaure wanda ƙafarsa ta fara ruɓewa a bakin sarƙa, ko ya daina cin abinci, wannan ba ya cikin masu jiran lissafi. A nemo mota a kai shi asibiti yau.